Shawarar garka: fujer, gindin randa ne wurinsa

Ma'aikata da ƴan kasuwa da dama sukan sayo tsiron ado mai ganye kamar gashin tsuntsu, wanda Faransawa ke kira fujer, wurin masu garka na bakin kogi a Yamai. Kafin wata biyu sai ya ƙone, kuɗi sun salwanta, a ɗora wa mai saidawa laifi. Alhali matsalar tana ga inda aka aje shi.

Fujer ɗan kurmi ne, inuwa da laima yake so. Ranar bazara da busasshiyar iskar hunturu su ne ajalinsa. A dasa shi cikin tukunyar ƙasa mai huda a gindi, a cika ta da rairayi gauraye da ruɓaɓɓen ganye, a girke ta kusa da randa, inda sanyi ba ya yankewa. A riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, ba tare da ruwan ya kwanta ba.

Ba ya fure, ba ya ƴaƴa. Ɗige-ɗige masu launin ƙasa da ke jere bayan ganyensa ba cuta ba ne, irinsa ne, don haka kada a yanke. Mai son ƙari ya jira damina, ya raba saiwar gida biyu.