Ƙuri'a A Warwatse Ba Ta Haifar Da Kujera

Jama'a, fari da saran itatuwa na damun Garwa, amma masu kare muhalli ba su da kujera a majalisar Yawunde. Sirrin yana cikin tsarin zaɓe. A 1989 jam'iyyarsu ta Ingila ta sami kashi 15 cikin ɗari a zaɓen Majalisar Turai, ta tashi hannu wofi, don mai rinjaye ke kwashe mazaɓa. A Jamus, inda ake rabo gwargwadon ƙuri'a, kashi 5.6 ya shigar da su majalisa a 1983. A Kamaru, jam'iyyar da ta haura rabin ƙuri'un mazaɓa ke kwashe kujerunta duka. MDR ta tattara ƙarfinta a Arewa Mai Nisa a 1992, ta ci kujeru 6, har RDPC ta nemi ƙawancenta. To, masu kishin muhalli, ku tsaya kan mazaɓa guda tukuna.