Amon Hendrix da kuɗin ɗalibi: ku daina tsorata yara da farashin jita

1/ Zare ne, ku matso. Duk wanda ya ce maka sai ka mallaki Fender ta asali da amfilifayar Marshall kafin jitarka ta yi amo irin na Jimi Hendrix ko Mdou Moctar, to ɗayan biyu ne: ko kaya yake son sayar maka, ko bai taɓa zama ya yi awa biyu yana gwaji da kunnensa ba. Yau sai na faɗa.

2/ Na gaji da abin da nake gani. Yaro daga Kiru ko Tudun Wada zai ɗora bidiyonsa da jitar gwanjo, maimakon a ce masa ga inda ka yi kuskure, sai a cika masa komen da dariya: wai katakon benci ya rungumo. Na san waɗanda suka jingine jita saboda wannan. Na san wanda ya fara tunanin taɓa kuɗin rajistar makaranta. Haba jama'a!

3/ Mu fara da na kusa. Mdou Moctar, Mahamadou Souleymane, Buzu ne ɗan jihar Tawa a Nijar. Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008. Eh, Sakkwaton nan tamu, da irin salon sutudiyon waƙoƙin Hausa na lokacin.

4/ Waƙoƙin nan daga waya zuwa waya suka yaɗu, ta memori da Bluetooth, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na Sahel Sounds, ya ji su ya nemo mai su. Yau ga Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024, kuma Turawa na sayen tikiti su kalle shi. Da ya tsaya jiran Fender, da har yanzu yana jira.

5/ Ibrahim Ag Alhabib na Tinariwen ma haka, gwangwani da sanda da wayar keke. A 2012 ƙungiyarsu ta karɓi Grammy. Idan kuma kun ce waɗannan ai na Sahara ne, to Ɗan Maraya Jos fa? Kuntigi, tsirkiya ɗaya tak a jikin gwangwani da fata. Har ya rasu a 2015, daga bugu biyu za ka gane shi ne, ko ba ka ji muryarsa ba.

6/ Shi kansa Hendrix ɗin da ake yi mana barazana da shi, da ƴar ukulele mai tsirkiya ɗaya ya fara, daga baya ya samu jita ta dala 5. Brian May na Queen shi da babansa suka sassaƙa tasa jitar, har da katakon tsohon murhun ɗumama ɗaki, kuma da kwabon sisi yake kaɗa ta. Sisi fa, wannan da muke cewa ba mu da ko shi.

7/ Za ku ce, to in haka ne me ya sa aka sayi baƙar Stratocaster ta David Gilmour kusan dala miliyan 4 a gwanjon 2019? Malam, suna aka saya. Kamar rigar ɗan ƙwallo ce, in ka saka ta Messi ba za ka fara yanke mutum biyar ba.

8/ Ba na ce kaya ba su da tasiri ba. Suna da shi. Jitar da wuyanta ya murɗe, ko Hendrix ne ya taso ba abin da zai yi da ita. Abin da nake cewa shi ne, abubuwan da ke gina amon nan kaɗan ne, kuma yawancinsu ba su fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba. Bari in lissafa.

9/ Na ɗaya, jita. Nemi mai siffar Stratocaster, mai maganaɗisun ɗaukar sauti uku siririya. Squier ce ko marar suna, ba damuwa. Hendrix da Mdou duk bahagwai ne, duk wannan siffar suka riƙe. In ka shiga Sabon Gari saye, daina kallon fenti. Ɗaga ta ka hango wuyan kamar mai duba mizanin katako, sannan ka danna kowace gaɓa ka ji ko tana zizara.

10/ Na biyu, gyara. Sabuwar tsirkiya siririya, a daidaita tsayinta a kan jaki don kada ta ci maka yatsu. Jitar gwanjo da aka daidaita ta fi mai tsada da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Sannan ka sassauta kowace tsirkiya rabin mataki, haka Hendrix yake yi a waƙoƙinsa da yawa. Amon zai yi kauri, jan tsirkiya zai yi sauƙi. Nawa ka kashe a nan? Ko kwabo.

11/ Na uku, gurnanin nan da kuke ji kamar jita na kuka. Ƙaramin akwati ne, Fuzz Face, ya fito a Landan a 1966. Kun san me ke cikinsa? Transista 2, rezista 4, kafasita 3, da maɓallan murɗawa 2. Shi ke nan. Zanen haɗinsa yana intanet kyauta. Mai gyaran rediyo a Kwanar Dangora da ya iya riƙe ƙarfen soda zai haɗa maka shi.

12/ In ba ka son wahalar haɗi, akwai kwafi masu araha. Masu yi muku dariya ba za su gaya muku cewa haɗin cikin kusan ɗaya ba ne. Sirrin kuma yana jikin jitarka: buɗe fuz ɗin sosai, sai ka rage boliyom daga jita. Amon zai wanke ya yi ƙarara. Ka ƙara, ya koma gurnani. Da ɗan yatsa ɗaya ake wannan.

13/ Na huɗu, amfilifaya. Marshall mai wat 100 an yi ta ne don babban fili. Ka kunna ta a ɗakin haya ko a zauren gidanku a Bebeji, kafin ta kai inda take daɗi mai unguwa ya iso. Ƙarama mai batir ta ishe ka. Rage ƙarfin kaushi, ɗaga na tsakiya. Yawancin masu koyo kaushi suke cikawa don ya rufe musu kuskure.

14/ Mai kwamfuta kuma ya huta. Ƙaramin akwatin shigar da sauti, sai manhaja irin Neural Amp Modeler, kyauta ce, tana kwaikwayon manyan amfilifayoyi. A waya ma akwai irin su Tonebridge. Gargaɗi ɗaya: wasu wayoyin Android suna jinkirta sauti, ka buga yanzu ka ji anjima. Gwada da wayarka kafin ka biya kuɗin akwatin.

15/ Ga abin da ƴan YouTube na Amurka ba za su koya muku ba, don ba su san shi ba: wutarmu. Wannan zuuu da ke fita a sifika ba laifin arhar jita ba ne. Siraran maganaɗisun nan suna kwasar hayaniyar lantarki, ga janareto, ga soket ɗin da ba a haɗa masa wayar ƙasa ba. Yi amfani da batir mai bolt 9, cire cajar waya, gajarta kebul, ka matsa daga kusa da inji.

16/ Sai yanayi. Hunturu na busar da katako, wuya ya motsa, bakin ƙarafan gaɓa su fito suna yankar hannu. Damina kuma tsatsa. Goge tsirkiya da ƙyalle bayan kowane kiɗa, ka mayar da jita jakarta, kada ka bar ta a rana ko a but ɗin mota daga Kano zuwa Doguwa. Fender ta miliyoyi ma in ka wulaƙanta ta haka za ta lalace.

17/ Sauran duk a hannu yake. Yadda Hendrix ke ɗora babban yatsa a saman wuya ya danne tsirkiyar sama, yadda Mdou ke kaɗawa da yatsu yana barin wata tsirkiya tana ta amsawa a ƙasa, yadda ake jan sauti har ya kai daidai inda ake so. Rage gudun bidiyo zuwa rabi, ɗauki daƙiƙa 10 kacal, ka yi ta maimaitawa. Naɗi kanka a waya ka saurara. Kunne ba ya karɓar cin hanci.

18/ Kuma kwaikwayon nan makaranta ce, ana gamawa a fita. Duniya ba ta neman Hendrix na biyu, ta riga ta ga na farko. Abin da ya ɗaga Mdou da Bombino shi ne sun zuba kiɗan gidansu a cikin jitar lantarki. Mu da muka tashi da garaya da gurmi da kukuma a kunne, wa ya hana mu? Ɗauko kiɗan Haruna Uji ka nemo shi a wuyan jitarka, ka ga abin mamaki.

19/ Saboda haka ƙannena, kada ka taɓa kuɗin makaranta, kada ka ci bashi. Jita mai miƙaƙƙen wuya, sabuwar tsirkiya, fuz ɗaya, ƙaramar amfilifaya, da awa ɗaya kullum. Ku kuma masu dariya a komen, ga fili ga mai doki: ku ɗora naku bidiyon da kayan miliyan ɗin mu ji.

20/ Wanda ke son zanen haɗin fuz ya yi magana a ƙasa, zan ajiye shi a nan. Ku tura wa duk wanda kuka san ya jingine jitarsa a bayan ƙofa.