Rumfa da Majalisa a Waya Ɗaya: Halin Masu Sana'ar Fasaha a Garwa

A watan Afrilun 2023 masu amfani da wayar salula a Kamaru suka fito da wata irin zanga-zanga wadda ba ta bukatar fita titi. Daga ƙarfe goma sha biyu na rana zuwa ƙarfe biyu, kowa ya sa wayarsa a yanayin jirgin sama, abin da suka kira "mode avion", domin nuna wa kamfanonin MTN da Orange ɓacin ransu kan tsadar data da rashin ingancin layi. Manufarsu ta kuɗi ce. Amma duk mai cin abinci da ƙwaƙwalwarsa a Garwa ya kamata ya sake duban wannan dabara, domin awa biyu na shiru a kowace rana jari ne da mafi yawan masu sana'ar fasaha ba su mallaka ba.

Su wane ne waɗannan mutane? Akwai mai zana katin gayyatar biki da allon talla, da mai ɗaukar hoto a wurin suna da ɗaurin aure, da mai tace bidiyo, da mawaƙin da ke rera Hausa da Fulatanci a ɗan ƙaramin sutudiyo, da marubuciyar da ke sayar da labarinta babi-babi a zauren WhatsApp, da mai fassara tsakanin Faransanci da harsunan gida. Babu mai albashi a cikinsu. Ciniki yana zuwa ta WhatsApp, samfurin aiki yana kan Facebook, kuɗi kuma ya shigo ta Orange Money ko MTN Mobile Money, inda tun Janairun 2022 gwamnati ke cire harajin kashi 0.2 cikin ɗari. Wayar ita ce rumfarsu. Sai dai kuma ita ce majalisar unguwa, da gidan kallo, da filin gardamar ƙwallo duk ranar da Coton Sport ta buga wasa.

Za a iya cewa ai haka sana'a take tun asali, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Baduku yana ɗinkin fata ana hira a gefensa, tela yana taka keke yana sauraron rediyo, mai ɗinkin hula kuwa ba ya rasa abokin zance a gindin bishiya. Abin lura shi ne aikinsu na hannu ne, harshe kuma ba ya tare wa hannu hanya. Marubuci da mai fassara da mai tsara waƙa da kalmomi suke aiki, kuma da kalmomin ne hira take ci. Idan saƙo ya faɗo a tsakiyar jimla, wurin da jimlar take zaune a zuciya shi saƙon zai mamaye. Taura biyu ba ta taunuwa. Gloria Mark, malama a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, ta daɗe tana auna wannan: a 2004 ma'aikatan da ta bibiya sukan yi kusan minti biyu da rabi a kan allo ɗaya kafin su juya zuwa wani, a shekarun baya-bayan nan kuwa abin ya sauko zuwa daƙiƙa 47. A ofisoshin Amurka aka yi wannan awo, inda wuta ba ta ɗaukewa.

A nan lissafin Garwa ya sha bamban. Wutar lantarkin arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar ruwan Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982. Idan ruwa ya ja baya da rani, ƙarfin injinan ya ragu, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa, kuma lokacin ne zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage raɗaɗin, duk da haka mai tace bidiyo ya san cewa kwamfutarsa tana da sa'o'i ƙidayayyu. Awar da ya ɓatar yana jan allo da yatsa alhali akwai wuta, ba lallai ya same ta da yamma ba. Amarya kuma ba za ta ɗage biki don katinta bai fito ba.

Hujja mafi ƙarfi da masu sana'ar kan kawo ita ce ba su isa su kashe waya ba, domin mai ciniki da bai ga amsa cikin minti goma ba zai nemi wani. Wannan tsoro na gaske ne, musamman ga sabon shiga. Hujja ta biyu ita ce rauninta ya fi bayyana: wai zama a TikTok da Facebook shi ma aiki ne, ana neman suna. Shirin TikTok na biyan masu bidiyo kai tsaye bisa yawan kallo yana aiki ne a wasu ƙasashe kaɗan irin su Amurka da Faransa da Ingila, Kamaru ba ta ciki. Saurayin da ya kwana yana ƙirga masu kallo ya saya wa kamfanin layi data, ya tara wa kamfanin manhaja jama'a, shi kuwa sai idan wani ɗan kasuwa ya ba shi talla zai ga sisi. Suna yana kawo ciniki, babu musu, amma sunan da ke daɗewa a gari irin Garwa shi ne na wanda ya cika alkawarin ranar Alhamis.

Ɗalibin Hausa yana da nasa rabo a wannan batu, domin gaggawar waya a rubutu take fara nunawa. Saƙon da aka buga da babban yatsa ana tafiya ba ya bambanta "ƙasa" da "kasa", ko "ɓari" da "bari", ko "ɗaka" da "daka". A Garwa da Ngaundare akwai ƙarin matsala, wato hannun da ya saba da ƙa'idar Faransanci, mai rubuta "kouma" a wurin "kuma" da "tchiki" a wurin "ciki". A hira ba laifi, kowa ya gane. Sai dai abin da hannu ya maimaita sau ɗari a yini shi zai fito ranar da aka ba mutum fassarar takardar asibiti ko rubutun ƙasan fim. Abin takaicin shi ne matashin wannan yanki yana riƙe da abin da takwaransa na Kano ba kasafai yake da shi ba: Faransanci da Fulatanci da Hausa a baki ɗaya. Taron da UNESCO ta shirya a Bamako a 1966 ya sa Hausa da Fulatanci sun yi tarayya a haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ, don haka allon rubutu guda ya wadatar da harsunan biyu. Saka shi a waya bai kai minti biyar ba. Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, da ta Marwa da ta Ngaundare, za su yi wa ɗalibansu alheri idan suka ɗauki tsabtar rubutu a harsunan gida a matsayin sana'ar da ake biya.

Maganin shagala kuwa daga kasuwa za a aro shi. Kowace rumfa tana da lokacin buɗewa da na rufewa, kuma ba a taɓa jin mai saye ya yi fushi don ya tarar da tela ya tafi sallar Azahar ba. Mai sana'a zai iya rubutawa a fuskar WhatsApp ɗinsa cewa yana amsa saƙo bayan Azahar da bayan Isha'i, ya ware layin ciniki daga na dangi da abokai, ya sauke ƙamus da hotuna da duk kayan aiki tun da dare. Wanda ya saba da haka bai rasa komai ba ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, layi ya yi rauni har Kamaru. Daga asuba zuwa hantsi, kafin rana ta ɗaga, gari yana da sanyi, masu ciniki ba su fara kira ba, batirin kuma a cike yake idan an yi sa'ar wuta da dare.