Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Tarayyar Afirka Kan Sudan Ta Kudu

Zuwa ga Majalisar Zaman Lafiya da Tsaro, Adis Ababa.



A Satumbar 2018 Shugaba Salva Kiir da madugun 'yan tawaye Riek Machar suka sa hannu kan yarjejeniyar kashe wutar yaƙin basasar da ta tashi a Disambar 2013. Gwamnatin haɗin gwiwa ta kafu a Fabrairun 2020, amma har yau talakan Juba da Malakal bai taɓa jefa ƙuri'ar zaɓen shugaba ba tun samun 'yanci a 2011. An ɗage zaɓe zuwa Disambar 2024, aka sake ture shi zuwa Disambar 2026. A Maris 2025 kuma aka yi wa Machar ɗaurin talala.

Yarjejeniyar ta ɗora wa Tarayyar Afirka alhakin kafa kotun haɗin gwiwa da za ta hukunta masu laifukan yaƙi. Kotun ba ta zauna ba, matan da aka yi wa fyaɗe a Bentiu na nan suna jira.

Mai wannan wasiƙa na roƙon Majalisar ta kafa kotun, ta matsa a kammala haɗe dakarun ɓangarorin wuri guda, ta kuma tsaya kai da fata tare da ƙungiyar ƙasashen yankin ta IGAD kada a sake ɗage zaɓe.

Wassalam,
Wani ɗan Afirka mai kishin zaman lafiya.