Kwanakin ƙarshe a Zanzibar

Mai hutu a Nungwi, can arewacin tsibirin Unguja na Zanzibar, yakan share mako guda bai san ranar mece ce ba. Teku ta janye da safe, ta komo da la'asar, jiragen masunta masu filafilai suna wucewa. Sai saura kwana biyu kwanje ya ƙare, hankali ya tashi: kuɗin otel, tsarabar iyali, nauyin jaka.

A nan ne akan bar rairayi a gangaro tsohon birni, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000. Ma'aikaci ya tsaya kallon ƙofofin katako masu sassaƙa. Ɗan kasuwa kuwa, ko a hutu idonsa ba ya barci, ya zarce kasuwar Darajani yana shinshinar kanumfari yana lissafin riba. Lissafin bai cika zuwa ko'ina ba, don kamfanin gwamnati ne ke sayen kanumfarin daga hannun manoma, akasarinsu a tsibirin Pemba. Ƙulli biyu uku na shayi, shi ke nan.

Kusa da kasuwar akwai majami'ar Angilika, da aka gina a filin kasuwar bayi wadda aka rufe a 1873. Bayin nan su suka noma gonakin kanumfarin Sarki Sayyid Sa'id na Oman. Wanda ya leƙa ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na wurin, gasasshen kifin Forodhani na daren ƙarshe da ƙyar yake wuce masa maƙogwaro.