Hannu Nawa Ke Tsakanin Manomi Da Mulki?

A zaɓen 1951 mai biyan haraji na Rijiyar Zaki bai zaɓi ɗan Majalisar Jihar Arewa da kansa ba. Ƙauye ya fid da wakili, wakilan ƙauyuka suka fid da na gunduma, su kuma suka taru a Lardi. Kafin muryar manomi ta isa Kaduna ta dushe. Jam'iyyar NEPU ta yi nasara a matakan farko cikin birnin Kano, amma a mataki na ƙarshe ko kujera ɗaya ba ta samu ba.

A 1959 aka bi tafarkin Ingila. Maza baligai suka jefa ƙuri'a a asirce, jam'iyyar da ta fi kujeru ta ba da Firayim Minista, Abubakar Tafawa Balewa. A 1979 aka ɗauki na Amurka, maza da mata suka zaɓi Shugaban Ƙasa kai tsaye.

To, mu a ganinmu sunan tsari ba ya cika rumbu. Abin dubawa biyu ne: shin talaka na iya zaɓe ba tsoron kowa? In wakilinsa ya ci amana, yana iya tuɓe shi? Malaman makaranta da na ofis, ku ne da alhakin sanar da shi hakkinsa, domin da ruwan ciki akan ja na rijiya.