Super Eagles: Me ya sa kullum mutum ɗaya ke ɗaukar laifin ƙwallon da aka ci Najeriya?

Jerin 'yan wasa 28 da koci Eric Chelle ya fitar domin gasar cin kofin nahiyar Afirka a Maroko ya zo da wani abin lura. Francis Uzoho, golan da aka ɗora wa laifin hana Najeriya zuwa gasar cin kofin duniya ta 2022, ya dawo. Maduka Okoye, wanda aka ɗora wa laifin ficewar ƙasar daga gasar Afirka a Kamaru, ba ya ciki. Shi kuwa kyaftin William Troost-Ekong, wanda ya sha caccaka a wasannin neman gurbin 2026, ya riga ya sanar da ritayarsa daga tawagar a farkon watan Disamban 2025.

Sunayen uku suna ba da labari ɗaya. A cikin shekara huɗu, duk lokacin da Super Eagles ta faɗi a babban wasa, kafin gari ya waye an samu mutum ɗaya da za a rataya wa. Sai dai idan aka koma aka duba ƙwallayen da natsuwa, za a ga yawancinsu sun faro ne daga yadda 'yan wasa suka tsaya a fili, da kuma waɗanda aka zaɓa tun kafin a hau jirgi.

Garwa da Abuja: gola biyu, ciwo ɗaya

Ranar 23 ga Janairun 2022, Najeriya ta shiga fili a Garwa tana ji da kanta. Ta ci wasanninta uku na rukuni, ciki har da na Masar, yayin da Tunisiya ta haye da ƙyar a matsayi na uku, ga kuma cutar korona da ta kama wasu 'yan tawagarta har da kocinta.

A minti na 47 Youssef Msakni ya buga ƙwallo daga wajen yadi na 18. Okoye ya taɓa ta, amma ta shiga. Aka tashi 1-0. Zagi da barazanar da suka biyo baya sun kai ga golan ya rufe wurin yin tsokaci a shafinsa na Instagram.

Gaskiya ne cewa gola na iya tare irin wannan ƙwallo. Amma kafin Msakni ya buga, ya samu sararin tahowa da ita har bakin da'irar ba tare da an tare gabansa ba. Kuma Tunisiya ta shafe wasan tana sa mutum biyu a kan Moses Simon, wanda ta gefensa yawancin hare-haren Najeriya ke bi, ba tare da bencin Najeriya ya samo wata hanya ba.

Bayan wata biyu abin ya maimaita kansa a Abuja. Ranar 29 ga Maris, bayan an tashi babu ci a Kumasi, Ghana ta yi jifa daga gefe, ƙwallo ta isa ga Thomas Partey a wajen da'ira, ya buga, ta zame ta ƙarƙashin Uzoho. Troost-Ekong ya farke da fenareti, amma 1-1 ya wadaci Ghana saboda dokar ƙwallon waje. Magoya baya suka shiga fili suka yi ɓarna, Uzoho ya fito ya nemi afuwa.

Tambayar da ba a cika yi ba a ranar ita ce, wa ke da alhakin riƙe Partey? Shi ne ɗan wasan Ghana da aka fi sani da bugu daga nesa, kuma wasa bai wuce minti goma sha ɗaya ba. Wilfred Ndidi, wanda aikinsa ke nan, yana jinya a lokacin. Wurin da ke gaban masu tsaron baya ya zama fili fetal, kamar yadda ya kasance a Garwa.

Masu horarwa na ɗaukar wannan yanki na bakin da'ira a matsayin mafi haɗari. Idan tazarar da ke tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya ta yi faɗi, mai ƙwallo zai ɗaga kai, ya gyara ƙafa, ya zaɓi kusurwa. Kuskuren gola shi ake gani a bidiyo, amma shi ne na ƙarshe a jerin kurakurai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Lokacin da tsari ya rufa wa kowa asiri

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan batu ta fito ne daga gasar Afirka da aka buga a Kwaddibuwa a farkon 2024.

Bayan kunnen doki 1-1 da Equatorial Guinea a wasan farko, koci Jose Peseiro ya sauya tsari. Ya jera mutum uku a tsakiyar baya, wato Semi Ajayi da Troost-Ekong da Calvin Bassey, ya sa Ola Aina da Zaidu Sanusi a gefe biyu. Idan ƙwallo ta kuɓuce, su biyar ke komawa layi ɗaya, sauran su matso kusa da su.

Daga nan Najeriya ta yi wasa huɗu a jere ba a ci ta ba: Kwaddibuwa, Guinea-Bissau, Kamaru da Angola. Ƙwallo biyu kacal aka zura mata a wasa shida kafin na ƙarshe, ɗaya daga ciki ma fenareti ce. Stanley Nwabali, wanda da yawa ba su san shi ba kafin gasar, ya zama gwarzo. Troost-Ekong ya lashe kyautar gwarzon ɗan wasan gasar baki ɗaya.

Su dai waɗannan 'yan baya ne aka riƙa cewa ba su da sauri ko ba su da natsuwa. Abin da ya sauya shi ne kowa ya san inda zai tsaya, kuma akwai mai rufa masa baya idan an wuce shi.

Wasan ƙarshe da batun Iwobi

Ranar 11 ga Fabrairun 2024, Troost-Ekong ya ci da ka a minti na 38. Franck Kessié ya farke a minti na 62, Sébastien Haller ya ci ta biyu a minti na 81. Wanda ya sha zagi shi ne Alex Iwobi, har ya goge hotunan da ke shafinsa na Instagram, kyaftin Ahmed Musa ya fito yana roƙon jama'a su daina cin zarafinsa.

Amma ƙwallayen biyu daga ƙafar Simon Adingra suka fito. Ta farko bugun kusurwa ne da ya iske Kessié babu wanda ya riƙe shi da kyau. Ta biyu kuwa Adingra ya wuce Aina a gefe ya aiko, Haller ya riga mai tsaronsa kai ƙafa. A lokacin an riga an cire Iwobi daga fili.

Matsalar tsakiyar fili a daren ta lissafi ce. Iwobi da Frank Onyeka su biyu ne, suna fuskantar Kessié da Seko Fofana da Jean Michaël Seri su uku. Iwobi ɗan wasa ne da ya saba taka leda kusa da 'yan gaba, aka mayar da shi mai tsare wuri. Aina kuma an bar shi shi kaɗai da Adingra a lokuta da dama, bayan ya buga kusan kowane wasa a gasar.

A nan ne batun zaɓen tawaga ya shigo. Hukumar CAF ta ba da damar kai 'yan wasa 27, Peseiro ya kai 25. A cikinsu 'yan tsakiya biyar ne, 'yan gaba takwas. Ndidi ya ji rauni kafin a fara, aka kira Alhassan Yusuf ɗan Kano ya maye gurbinsa, shi ma ya ji ciwo a wasan farko. Lokacin da gajiya ta kama Iwobi da Onyeka, zaɓin da ke benci kaɗan ne. Wannan hukunci an yanke shi ne makonni kafin wasan ƙarshe, kuma ba ɗan wasa ne ya yanke shi ba.

Maki 17 da koci uku

Wasannin neman gurbin gasar duniya ta 2026 sun ƙara fito da abin fili. Najeriya ta gama da maki 17 a rukunin C, maki ɗaya a bayan Afirka ta Kudu, duk da cewa an zaftare wa Afirka ta Kudun maki uku saboda sa ɗan wasan da bai cancanta ba.

Ƙwallo takwas aka ci Najeriya a wasa goma. Wannan ba adadi ne na tsaron baya da ya rushe ba. Abin da ya kashe ta shi ne kunnen doki biyar, dukkansu 1-1, uku daga ciki a gida Uyo: da Lesotho, da Afirka ta Kudu, da Zimbabuwe.

Wasan Zimbabuwe na 25 ga Maris na 2025 shi ne aka fi tunawa. Victor Osimhen ya ci a minti na 74, Tawanda Chirewa ya farke a minti na 90 bayan ya wuce Troost-Ekong. Kyaftin ɗin ya sha suka, aka ƙara masa da wata a watan Satumba lokacin da ya ci gida a Bloemfontein. Sai dai ƙungiyar da ke gaba da ci ɗaya ana dab da tashi, bai kamata a iske ɗan bayanta mai shekara sama da 30 yana tsere shi kaɗai da matashi a buɗaɗɗen fili ba. Riƙe ƙwallo, da rage tazara, da sanin wanda zai zauna a baya idan an kai hari, aiki ne na mutum goma sha ɗaya da kuma benci.

Akwai wani lissafin da ya fi wannan tayar da hankali. A wasa biyar da Osimhen bai buga ba, Najeriya ba ta ci ko ɗaya ba. Ƙungiyar da ba ta iya cin ƙwallo ta biyu tana ɗora wa 'yan bayanta nauyin kada su yi kuskure ko sau ɗaya a minti 90, kuma babu mai tsaron bayan da zai iya cika wannan sharaɗi.

Sannan koci uku ne suka jagoranci wasannin goma. Peseiro ya yi biyu, Finidi George ya yi biyu, Chelle ya yi shida. A tsakani, hukumar NFF ta sanar da naɗa Bajamushe Bruno Labbadia a watan Agustan 2024, maganar ta wargaje cikin 'yan kwanaki. Kowane koci da tsarinsa, wani mutum uku a baya, wani huɗu. Tsaron baya kuwa sabo yake buƙata, domin 'yan wasan ƙasa kwanaki kaɗan suke samu tare kafin wasa.

A Rabat ma, kwana biyu kafin wasan cike gurbi da Gabon a watan Nuwamba, 'yan wasan sun ƙaurace wa atisaye saboda bashin alawus-alawus. Sun ci Gabon 4-1 bayan ƙarin lokaci, sannan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta fitar da su da ci 4-3 a bugun fenareti ranar 16 ga wata, bayan an tashi 1-1. Washegari hankali ya koma kan waɗanda suka ɓarar da fenareti da kuma zargin tsafi da Chelle ya yi wa 'yan Kongo. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ɗora laifi ke jawowa

Babu mai cewa kada a soki ɗan wasa. Okoye da Uzoho sun yi kuskure, kuma wanda ya sa rigar ƙasa dole ya amsa tambaya. Mai kallo da ya biya kuɗin shiga gidan kallo ko ya ƙona datarsa yana da haƙƙin ya nuna ɓacin ransa.

Illar tana zuwa ne idan hayaniyar ta zama ita ce ke zaɓen tawaga. Bayan Garwa Okoye ya daɗe bai sake zama golan farko ba. Bayan Abuja duk ƙwallon da Uzoho ya taɓa sai an yi ta ce-ce-ku-ce, har Nwabali ya karɓe wurin. Ana canza mutum, amma gurbin da ke gaban 'yan baya yana nan yadda yake.

Akwai kuma batun 'yan wasan da aka haifa ko suka tashi a Turai. Iwobi da Aina da Ademola Lookman sun buga wa Ingila a matakin matasa kafin su zaɓi Najeriya. Okoye a Jamus aka haife shi, Troost-Ekong a Netherlands. Matasan da NFF ke zawarci yanzu suna ganin abin da ya faru da na gabansu.

Wanda ya fi cin ribar wannan ɗabi'a ita ce hukumar kanta. Muddin ana muhawara a kan gola, babu mai tambayar dalilin da ya sa aka kori Gernot Rohr makonni kaɗan kafin gasar Kamaru, ko dalilin da ya sa 'yan wasa ke bin bashi ana jibi babban wasa.

Abin dubawa a Maroko

Chelle ya shiga gasar a Disamban 2025 da tsaron baya da ya rasa ginshiƙai uku. Troost-Ekong ya ajiye, Aina a lokacin yana jinyar raunin da ya ji a wasan Afirka ta Kudu, matashi Benjamin Fredrick da ya haskaka a wasannin cike gurbi shi ma ya ji rauni. Nauyin ya koma kan Bassey da Ajayi, da Bright Osayi-Samuel a dama, da Zaidu ko Bruno Onyemaechi a hagu.

Wani abu da ke nuna an ɗauki darasi shi ne a wancan karon 'yan tsakiya takwas ne a jerin, ba biyar ba. Amma tsarin da Chelle ya fi so, na 'yan tsakiya huɗu da ke cunkushewa a tsakiyar fili da 'yan gaba biyu, yana barin gefe a buɗe, kuma yana buƙatar 'yan bayan gefe su riƙa hawa. Idan suka hau, dole Ndidi ko Onyeka ya zauna ya toshe.

Najeriya ta kara da Tanzaniya da Tunisiya da Yuganda a rukunin C. Duk ƙwallon da aka ci ta, mai son sanin gaskiyar abin da ya faru sai ya mayar da bidiyon baya da daƙiƙa goma sha biyar, ya ƙirga mutum nawa ne ke bayan ƙwallo lokacin da ta kuɓuce, ya duba wa ya kamata ya tare mai bugu, sannan ya duba ko akwai wanda zai iya yin aikin a benci. A nan ne amsar take, tun kafin kyamara ta haska fuskar gola.